Shuɗi da Rasberin Kirsimeti

Ainihin sunansa Lyle Tuffnell, amma je ka Millaa Millaa ka tambayi Lyle, sai a yi ta kallonka. Shuɗi kowa ya sani. A wajenmu duk mai jan gashi Shuɗi ake ce masa don tsokana, shi kuwa kansa ja ne jawur tun yana goye. Abin dariyar, bawan Allahn nan bai taɓa ganin jan ba. Ja da kore duk ɗaya ne a idonsa, kuma ya rufe maganar ruf, har uwarsa ta rasu ba ta sani ba.

In zafin Disamba ya shigo, don a wajenmu lokacin ne ake zafi, 'ya'yan rasberin daji su nuna jawur a cikin ƙayarsu, yara su cika huluna, shi yana tsaye yana zare ido a ganye bai ga komai ba. Sai ya ce shi ba ya so, tsami gare shi. A kan wannan ƙaryar ya girma, ya gaji shanun ubansa, ya yi ta tatsa har furfura ta cinye kan, bai yi aure ba. Ba don ba ya so ba, baki ne babu. Saniya zai yi wa hira har rana ta take, amma mace ta ce masa sannu, sai ya kama cire hula yana mayarwa.

To da tsufansa so ya kayar da shi warwas. Noreen Kilpatrick ce, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, mai dafa wa jama'a shayi bayan an tashi coci. Wata Lahadi tana kukan gwiwa ta hana ta gangara kwari, ta ce, "Na rantse, duk wanda ya ciko min bokiti da rasberin daji in dafa jam ɗin shafa wa burodi na Kirsimeti, aurensa zan yi, ko kunne ɗaya gare shi!"

Mata suka kwashe da dariya. Shuɗi kuwa shayi ya sarƙe shi.

Washegari yana gama tatsa ya sungumi bokiti ya gangara kwari. Ya lalube ƙaya, ƙaya ta lalube shi, hannu duk jini, abin da ya samu bai rufe gindin bokitin ba. Can sai ga wata ciyawa mai yaɗo a jikin wayar shinge, sumul ba ƙaya, 'ya'yanta ƙulu-ƙulu da farin zane. Fari kam yana gani! Ya ce a ransa ai wannan ma ya fi na yaran kyau. Ya cika bokiti taf, ya taho yana fito, yana 'yar rawa, har da ɗaga wa wani bijimi hula.

Da ya kai mata gida, Noreen ta leƙa bokitin ta kurma ihu.

"Shuɗi! Kashe ni ka zo yi? Ka ci?"

"Guda na taɓa. Ɗaci, na tofar."

"Kurkure bakinka, tsohon banza! Wannan guba ce, da ita ake tsorata yara. Rasberi ƙaya gare shi, in ka ja shi ya zame ya bar rami a ciki. A garin nan aka haife ka kuwa?" Ta tsiyaye bokitin a ƙasa, sai ta yi turus. "Tsaya. Rabinsu ma kore ne shar. Me ka gani ka tsinko?"

Ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Tsoro ya kama shi sosai, don ya tabbata shi ke nan ta kuɓuce masa. Ya ce, "Noreen, ni ba na ganin ja. Ban taɓa gani ba."

Ta yi masa kallo mai tsawo. "Wannan rigar da ke jikina, wace kala ce?"

"Kalar... buhun dussa."

"Buhun dussa! Har Cairns na je na sayo ta, ja ce zur! Tun sanyi nake sa ta saboda kai, mata na yi da ni, ashe buhu kake gani!"

Dariya ta kayar da ita a matakalar baranda, tana yi tana share hawaye. Shi ko ɗaya bai ji zagin ba, "saboda kai" ɗin nan kaɗai ke kaɗa masa a kunne.

Ta miƙe ta dafa kafaɗarsa. "Ɗauko bokitinka. Riƙe ni da kyau, gwiwar nan ba ta da mutunci."

A kwarin ita ke nuni da sanda, shi ke cusa hannu. "Hagu. Hagun shanu ka sani ko na mutane? Sama kaɗan. Yauwa, ja shi!" Ya ja, ya zame masa a yatsa, laushi luɓus.

Da rana ta yi zafi ya duba bokitin, jikinsa ya yi sanyi. "Ba fa zai cika kafin Kirsimeti ba."

"To sai me?" in ji ta, bakinta cike da rasberi. "Ka cika sauran bayan biki."