Ranar da Baffa ya shiga rijiya

Har yau idan na ji ƙaurin lagwanin fitila da aka hure, sai in tuna rijiyar gidanmu.

Da bazara ne, ina aji uku a sakandare. Rijiyar ta cika da laka, awaki sun kwana biyu ba su sha sun ƙoshi ba. Baffa, ƙanen Babanmu, shi ke yashe ta duk shekara. Ka san kafin a shiga sai an zura fitila a kunne da igiya. In ta mutu, ba mai sauka. In tana ci, bismillah.

To, ranar ba ta mutu ba, ba ta kuma ci sosai ba. Wutar ta yi ƙanƙanuwa, ta tsaya a haka. Kakarmu ta ce a bari sai gobe, Baba ya ce ai ba ta mutu ba. Baffa ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. Guga uku ya ciko, sai muka ji shiru. Da ƙyar aka jawo shi, leɓɓansa sun yi baƙi.

A asibitin Gezawa likita ya rubuta suffocation a kati. Ni ce 'yar boko, sai aka miƙo mini. Na san choke, abu ya tsaya a maƙogwaro. Na san smother, a danne fuska da wani abu. Drown kuwa ruwa ne, ruwan nan ko gwiwarsa bai kai ba. Na ce, "Shaƙewa ce."

Kaka ta ce, "Wa ya shaƙe shi?"

"Ba kowa, Kaka. Iskar shaƙa ce ta ƙare masa."

"Rijiya baki a buɗe, muna hango shi, ta ina ta ƙare?"

Na sake duba katin da ke hannuna, kunya ta kama ni. Duk Turancin nawa bai kai ƙasan rijiyar ba.

Baffa ya tashi, amma maganarsa ta yi nauyi, bai sake riƙe fartanya ba har ya koma ga Allah. Baba ne ya riƙa nome masa gona, ban taɓa jin sun tayar da zancen ba.

Yanzu burtsatse ne a unguwar, yaranmu ba su san yasar rijiya ba. Ni kuwa Turanci nake koyarwa, ina bambance wa ɗalibai kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya. An yi mini bayanin gurɓatacciyar iskar da ke taruwa a ƙasan rijiya ya fi a ƙirga, na kuma yarda. Amma har Baba ya rasu yana tambayata ko shi ne ya yi kuskure. Kullum sai in ce a'a, wallahi kuwa ban sani ba.