Cikin Ragon Layya

Ni mutum ne mai hadda, kuma na daɗe ina taƙama da ita. Tun a makarantar allo, in malam ya biya mini sau biyu, na uku ni nake biya masa. Da wannan kan na shiga kwaleji a Dutse, lokacin Jigawa tana sabuwa, ko'ina a garin sai bulo da yashi. Fannin aikin gona aka ba ni. Ɗan makiyayi, wanda ya tashi a bayan shanu a wani ƙauye gefen Miga, sai na ɗauka an gama karatun tun ba a fara ba.

Yadda na saba haka na ci gaba. In ɗauki takardun da malamai suke bugawa su raba mana, in nemi gindin darbejiya a bayan aji, in tanƙwashe ƙafa, in yi ta maimaitawa ina rangaji kamar mai tilawa. Abokan ɗakina har tsokanata suke yi, wai ranar sauka kada in manta da su. Ko a jikina. Kowace magana na san shafinta, na san layinta.

Jarrabawa ce ta tona mini asiri. Malamin kiwon dabbobi, wani siriri mutumin Ringim da ba ya yawan dariya, ya tambaya: makiyayi ya zo maka, saniyarsa ta daina tuƙa, cikinta ya kumbura ta hagu, me yake faruwa a cikinta? Babu wannan tambayar a takarda. Sai na juye masa duk abin da na haddace a kan cikin saniya, ko waƙafi ban bari ba. Da ya dawo mana da takardun, na ga ya rubuta da jan biro: "Tawa ce ka dawo mini da ita. Ina taka?"

Darasi biyu na faɗi a wannan zangon. Dokar kuwa a fili take: in na sake faɗuwa, sallama ce. Na yi kwana uku ina cewa mutumin nan mugu ne, amma a ƙasan raina tsoro ne. Baffa, mahaifina, shi kaɗai ya tsaya a kan in yi karatu. Ƙannensa sun ce ya raba ni da sanda a banza, shi kuwa ya sa ni a mota. In na koma da takardar sallama, kunyar ba tawa ba ce ni kaɗai.

Na je gida hutun Babbar Sallah ban gaya wa kowa ba. Da hantsi, bayan an sauko daga idi, Baffa ya yanka ragonsa, ya feɗe, ya zuba kayan cikin a faranti. Ni kuma, da yake mai laifi ba ya rasa surutu, na ce, "Baffa, ka san cikin nan gida huɗu ne?" Na jero masa sunayen da Turanci, tiryan-tiryan.

Ya ce, "Madalla. To, wanne ne wanne?"

Na sunkuya na dubi farantin. Abin nan na sha wanke shi tun ina ƙarami, sunayen kuma suna bakina, amma na kasa haɗa ko ɗaya da ɗaya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Bai yi dariya ba. Ya tsaga babbar jakar ya ce nan ciyawa take fara sauka, daga nan take komawa baki a yi tuƙa, kuma in iska ta taru a nan ta rasa hanya, shi ne za ka ga hagu ya kumbura. Ya nuna mini ƙaramar mai zane irin na saƙar zuma, inda ƙusa da waya suke maƙalewa. Sai mai ninki-ninki kamar shafukan littafi, sai ta ƙarshe mai santsi, wadda ya ce ita take aiki tun dabba tana shan nono. Amsar malamina ke nan, a hannun mutumin da bai taɓa zama a kan benci ba.

Da na koma Dutse na canza hanya. In karanta shafi sau ɗaya, in kife shi, in yi bayaninsa da Hausa a fili, kamar Baffa yana zaune yana jiran ya ce wanne ne wanne. Duk inda harshena ya sarƙe, nan ne ban gane ba, sai in ja layi in koma laburare, ko in je mayanka in gani da idona. Malamin da na kira mugu ma na koyi ƙwanƙwasa ƙofarsa. Abin ya yi mini ciwo da farko, domin shafin da a da nake hadiyewa kafin a kira sallah ya koma cin yammaci guda. Ashe yawancin abin da na tara a kai sauti ne kawai. Haddar ban yar da ita ba, na dai mayar da ita baya: sai na gane abu sannan in riƙe sunansa.

Na ci jarrabawar. Ba ni ne na ɗaya ba, amma ba a sallame ni ba. Ko da na zama malamin sakandare a wajen Jahun, a shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, ban daina aikawa kasuwa a sayo mini kayan ciki ranar wannan darasi ba.

Sallar da ta zagayo bayan jarrabawar, Baffa ya yanka ragonsa, sai ya miƙo mini wuƙar ya koma kan tabarma. Ƙannen nan nasa suna zaune. Na feɗe, na ware gida huɗun, na faɗi aikin kowanne da Hausa. Sai da na ɗauki farantin zan kai wanki Baffa ya matso, ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Bara na ga idonka," ya ce. "Shi ya sa ban tambaye ka sakamako ba."