Saƙon da ya riga ni isa Magariya

A wancan lokacin ni ɗan kabu-kabu ne a Magariya, amma abin da ya fi ciyar da gidana shi ne ɗaukar saƙo. 'Yan ci-rani da ke Najeriya sukan turo naira ga wani mai canji a bakin iyaka, shi kuma ya ba ni sefa in kai wa iyalansu. An yarda da ni, ina kuma alfahari da cewa babu mai saurina a wannan hanya.

Wata damina aminina da ke Legas ya kira ni. Ya ce kububuwa ta sari ƙanensa a gonar gero, an kawo shi likita, wato asibiti, jini ya ƙi tsayawa, allurar dafin kuma tsadarta ta fi ƙarfin gidansu. Ya turo kuɗin, na je iyaka, mai canji ya cire rabonsa mai tsoka, na ɗaure sauran a ƙugu na juyo. A hanya na tarar da ƙorama ta cika ta batse. Masu amalanke suka ce in dakata ruwa ya ja, na ce rai ne ke jirana. Ina kaiwa tsakiya ruwa ya ɗauke moto, wato babur ɗina, daga ƙarƙashina. Wani makiyayi ne ya miƙo mini sanda ya jawo ni. Kuɗin na nan a ƙuguna, amma moton da wayata ban ƙara ganinsu ba.

Da yamma na shiga likita a jiƙe, ba takalmi, ina tsammanin jin kuka. Sai na tarar da maras lafiya a jingine yana shan kunu. Mahaifiyarsu ta ce tun kafin azahar aka yi masa allurar. Da aminina ya ji wayata ta mutu, sai ya nemi wata mai shagon waya a kasuwar Magariya, ya tura mata kuɗin intanet da ake kira kirifto, ita kuma ta ba su sefa a hannu. Washegari na je wurin mai shagon. Ta ce kafin aminina ya ajiye waya saƙon ya shigo, ladan aikawar kuma bai kai kuɗin kofin shayi ba. Na daɗe tsaye ina kallon 'yar wayar nan. Daga Legas har nan, babu shinge, babu ƙorama! Na ce Allah mai iko.

Yanzu akasarin masu ba ni saƙo sun koma can, ban kuma ga laifinsu ba. Talaka bai damu da sunan abin ba, sauri da sauƙi yake nema ranar da nasa ke kwance. Sai dai 'yan'uwa a kula, 'yan damfara ma sun shigo, kada a tura wa wanda ba a san shagonsa da fuskarsa ba. Ku kuma abokan sana'ata, in kun tarar da ruwa ku tsaya. 'Ya'yana sun kusa zama marayu a kan saƙon da ya riga ni isa.