Likitan da Bai Yanke Jijiyar Ango Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan jiya, Allah Ya karɓi ran babban likitan tiyatarmu, wanda duk asibiti ke kira Baba. Yana wanke hannu zai shiga aiki ya dafe ƙirji ya sulale. Mun yi ta danna ƙirjin nan har hannuwanmu suka mutu, bai dawo ba.

Baba, ni da na yi shekaru ina sa wa majinyatanka barci, aiki ɗaya ne ya ƙi fita raina. Wani direba ne, sabon ango, za a cire masa ƙodar hagu da ta lalace. Haɗarin mota ya riga ya raba shi da ɗan marainansa na dama. Kafin barci ya ɗauke shi ya riƙe rigarka ya ce, "Likita, zan haihu kuwa?" Ka ce masa, "Haihuwa ta Allah ce, ɗana. Ni dai ba zan taɓa abin da ba nawa ba."

Ana tsakiyar aiki jini ya ɓalle, na'urar auna bugun jininsa ta fara kuka. Ga wata siririyar jijiya ta gitta gaban ƙodar, inda ba a saba ganinta ba. Abokin aikinka ya ce, "Ta ƙodar ce, a ɗaure mu wuce." Na ce, "Baba, jininsa na sauka!" Ba ka ɗago ba. Ka ce, "Ƙara masa jini, ka riƙe min shi." Ka danne inda jinin ke fita da yatsa, ka bi jijiyar a hankali har ƙasa, gumi na ɗiga daga goshinka. Ashe ita ke ciyar da ɗan marainan da ya rage masa. Daga jijiyar ƙoda ta tsiro, maimakon babbar jijiyar ciki. Ka ɗaure jijiyar ƙodar bayan mararrabar da suka rabu, ka bar masa siririyar.

Direban nan yana cikin waɗanda suka ɗauki makararka. Matarsa ta zo gaisuwa da goyo a baya, wata yarinyar tana riƙe da zanenta.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka makwancinka, Ya sa hannuwan nan su yi maka shaida. Ga Hajiya da yara da 'yan'uwa, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.