Muryar Inna da Kukan Sauro

Kaset ɗaya ne tak a duniya yake ɗauke da muryar Innarmu. Wani malamin makaranta da ya taɓa zama a gidanmu na garin Sara ne ya ɗauke ta tana waƙar niƙa, tun ina ƙarami. Bayan rasuwarta kaset ɗin ya yi shekaru a akwatin Baba, zafi da danshin damina suna cinsa. Ranar da Baba ya miƙo mini shi na duba zaren, na ga ya fara zubar da gari. Na ce, "Baba, wannan sau ɗaya zai juyu. In ya juya shi ke nan." Aka yanke shawarar a bari sai Babbar Salla, kowa ya hallara a saurara tare, ni kuma in kwashe muryar zuwa waya.

Gyaran rediyo ne sana'ata a Birnin Kudu, don haka na san inda matsalar take. Rakoda ba ta ɓoye irin wutar da aka ba ta. In wutar na da datti, dattin zai fito cikin sauti. Batirin kasuwa kuwa ba shi da amana, yana sanyi muryar za ta fara ja. Sai na haɗa abin ba da wuta da hannuna, da taransifoma mai nauyi da manyan kwandansa masu tara wuta, na zuba su cikin akwati. Abin da ya rage shi ne ragileta, ɗan baƙin abin nan mai ƙafa uku da ke tace wuta ya daidaita ta.

A kan wannan ɗan abin na sha wahala. Waɗanda na saya a kasuwa jabu ne, wani ma na goge rubutunsa da yatsa. Na koma fasa tsofaffin rediyoyi ina ciro nasu. Kowanne in sa shi, in kunna rakoda babu kaset, in ƙure murya, in manna kunne. Wani ya yi gurnani, wani ya yi huci. Daga ƙarshe na samu irin wanda ake saita wa ƙarfi, na ƙara masa 'yar kwandansa a ƙafar saitin. Na kunna, shiru, har na zaci rakodar ce ta mutu. Ranar na yi farin cikin da na daɗe ban yi ba.

Ran Salla da la'asar muka cika zaure, har da surukai daga Fagam. An tayar da janareta. Ina cikin kwance akwatin wutar da na haɗa sai ga Yaya, babban wanmu, wanda ke kasuwanci a Kano, ya zaro wata 'yar caja mai ƙyalli daga aljihu.

"Kai, wane irin tarkace ne wannan, kamar murhu? Ga tsarabar da na yo musamman saboda yau. 'Yar waje ce."

Na san irinta. Ba ta da nauyi don babu abin kirki a cikinta, kuma tsuwa take yi. Na sassauta murya na ce, "Yaya, wannan tana da ƙara."

A gidanmu ƙane ba ya mayar wa wansa tsaraba, balle a gaban surukai. Baba bai ko dube ni ba. Ya ce, "Sa ta yayanka."

Na sa.

Muryar Inna ta fito, siririya, tana bin dutsen niƙa, sai ga wani kuka iiii ya hau kanta kamar sauro a kunne. Mata suna ta share hawaye a bayan labule, Yaya yana gyaɗa kai, yana cewa ai ga shi cajar ta yi. Ni kuwa ina kallon garin zaren yana taruwa a kan rakoda. Waƙar na ƙarewa zaren ya tsinke, abin da ya rage a jikinsa fari fat.

Har yau ina jin haushi, kuma ba na ɓoyewa. An zaɓi kada babba ya ji kunya na rabin sa'a, aka bar muryar matar da ta haife mu duka ta lalace har abada. Sautin da na kwasa a waya ya zaga wayoyin dangi daga Gwaram har Kiyako, kuma duk wanda ya tambayi dalilin ƙarar, amsa ɗaya ake ba shi, wai aikin mai gyaran rediyo ne. Yaya bai taɓa musa wannan ba. Akwatin nawa yana nan a shago, wani lokacin in kunna shi in saurari shirun.

Kwanan baya na dawo gida na tarar da 'yata, wadda ba ta taɓa ganin kakarta ba, tana wanke-wanke tana rera waƙar. Ta haddace ta tsaf daga wayar uwarta. Duk ƙarshen baiti sai ta matse hanci ta ja iiii.

Na ce, "Ke, wannan fa na mene ne?"

Ta ce, "Baba, ai haka Inna take yi."