Baba Akawu da wasiƙar da ba ta da baya

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaka da yanka yadi. Hauwa ce ta kira, babbar 'yarsa. Ta ce, "Anti Ladi, Baba ya rasu." Har yanzu ban san inda na jefar da almakashin ba.

Baba Akawu na unguwar Wambai fa. Wayyo Allah.

Ga waɗanda ba su san shi ba, ya yi shekaru yana buga tafireta a ofishin haraji kafin ya yi ritaya. Daga nan ya kafa benci a ƙofar gidansa, duk mai takardar da ta ɗaure masa kai sai ya nufi bencin nan.

Na san shi a shekarun 1990, ina sabuwar zuwa Suleja. Maigidana yana koyarwa a Tafa, ni kuma na kama ɗan shago da keken ɗinki biyu. Wata rana wani mutum ya zo a babur, har da taye da jaka, ya miƙo min wasiƙa. Jan hatimi, ga Turanci mai nauyi. Wai daga ofishin haraji. Wai in ban biya a hannunsa cikin kwana uku ba za a zo a kwashe kekunan, kuma kada in gaya wa kowa don magana ce ta gwamnati.

Har na nemo mai sayen keke ɗaya don in tsira da ɗayan. Mai ƙosan da ke kusa da ni ce ta ce, "Ke, kin kai wa Baba Akawu kuwa?"

Na kai. Abin da ya fara ba ni haushi, bai ma karanta ba. Juya takardar ya yi, ya shafa bayanta da babban yatsa, ya kai hanci. Na ce a raina, ni ina cikin wani hali, tsohon nan yana shinshinar takarda kamar mai sayen daddawa.

Sai ya ce, "'Yata, kawo hannunki. Tafiretar ofis in ta bugi takarda, sai kin ji haruffan sun fito ta baya. Taɓa nan. Sumul, ko? Fotokwafi ce."

Sannan ya sa tabarau ya karanta. Ya ce, "Ofis ba ya aiko mutum ya karɓa a hannu. Ba ya irin wannan gaggawar, kuma ba ya cewa ki yi shiru."

Bai tsaya nan ba. Ya ɗauki hula ya ce mu je mu tambaya. A ƙafa muka tafi, yana gaba ina haki a baya. Can aka duba aka ce ba daga wurinsu ta fito ba.

Ranar kwana na ukun, tun safe ya zo ya zauna a shagona. Mai babur ya iso, ya hango shi, ko kashe injin bai yi ba ya juya.

Kekunan nan biyu su suka yi wa 'ya'yana makaranta.

Bai taɓa karɓar komai a hannuna ba. Iyakarsa ya kawo riga ya ce aljihu ya ɓule, har sai da na ce, "Baba, duwatsu kake zubawa a ciki ne?" Da Babbar Sallah namana yana zuwa har gida. Da Kirsimeti shi da kansa ke aiko kwano in zuba masa abincin biki, wai kada in ce na manta.

Watan jiya ya aika a kira ni. Na tarar bencin babu kowa, shi yana ɗaki. Ya rame, gwiwoyin sun ƙi. Ya miƙo min wayar da yara suka saya masa, ya ce in duba imel ɗin da suka buɗe masa don harkar fensho.

Saƙo ne, wai daga hukumar haraji. Wai ɗakunan hayarsa na unguwar Iku ba su da takarda, za a rufe su, a buga sunansa cikin masu gudun haraji. Wai ya latsa wani wuri, ya cika fom da lambobin katinsa kafin kwana biyu. Kada ya tuntuɓi kowa. Adireshin da ya aiko ma wani tarkacen haruffa ne da lambobi.

Na ce, "Haba Baba, ai ƙarya ce! Ga gaggawa, ga a yi shiru. Kai fa ka koya min."

Ya karɓi wayar. Sai na ga ya juya ta, yana shafa bayanta da babban yatsa. A hankali, kamar yadda ya saba.

Ya ce, "Ba ta da baya, Ladi. Na shafa, na shafa. Kuma ƙafar zuwa tambaya babu."

Sannan ya ce, "Na riga na cika."

'Yan damfara sun share abin da ke asusunsa tun kwana huɗu kafin in zo. Amma ba kuɗin ne ya karya shi ba. Da ya ga maganar buga suna, shi da ya yi aikin nan ba tabo, hankalinsa ya tashi, kuma ya ji kunyar tambayar yara. Tun ranar bai sake zama a bencin ba. Duk wanda ya kawo takarda sai ya ce a ce masa yana barci.

Na lallashe shi. Na ce har masu digiri ana yi musu. Na ce unguwa tana jiransa. Ya ce, "Wa zai kawo wa mutumin da aka damfara takarda?" Na kira banki, na kai ƙara, na yi ta zirga-zirga. Ba abin da ya dawo, shi ma bai fito ba.

Da zan tafi ya riƙe min hannu. "Ki bari sai ba na nan, sannan ki faɗa wa kowa. Ki ce su tashi su je su tambaya. Wanda ba shi da ƙafa ya ari ta wani."

To ga shi na faɗa, Baba. Ban so ranar ta zo da wuri haka ba.

Shekaranjiya ina kwashe tsohon akwati na ci karo da wasiƙar mai babur, ta yi ja, hatimin ya koɗe. Na yi murna kamar me. Na ce Asabar zan kai masa, in sa masa a hannu ba tare da na ce komai ba, ya juya ta, ya shafa, ya ce min fotokwafi ce. Ko daga nan zai yarda in riƙe shi mu fito bencin.

Yau Alhamis. Tana cikin jakata.

Allah ya jiƙan Baba Akawu, ya yafe masa, ya sa ya huta. Allah ya ba Hauwa da ƙannenta haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, Musulmi ko Kirista, don Allah ka tsaya minti ɗaya ka sa shi a addu'a. Ni dai yau ita kaɗai nake da ita da zan ba shi.