Wutar da ta Ɗauke a Wasan Jamusawa

Ban taɓa mantawa da ranar da aka fara bar mini mikisa ni kaɗai ba, don a ranar ne na yi aiki da wasu Jamusawa uku masu kiɗan gudu. Ku da kuka shigo kamfanin nan daga baya kun same ni zaune bayan na'ura, kuna ganin kamar a nan na fara. Ba haka ba ne. A sana'ar nan tamu ta haya da haɗa kayan sauti, matakin farko ɗan dako ne, mai sauke lasifika daga mota. Daga nan ka zama mai jan waya, ka san wace waya ke zuwa ina. Sai ka daɗe a haka kafin a bar ka ka taɓa mikisa, wato teburin nan mai maɓallai inda muryar kowane makirfo da kowane kayan kiɗa ke taruwa, a daidaita su kafin su isa kunnen jama'a. Mai zama a kanta shi muke kira muhandis, ko da bai taɓa taka jami'a ba.

A lokacin ni mai jan waya ne. Sanyi ya shigo Jidda, taruka sun yi yawa, ga shi ba a daɗe da fara ba da izinin wasannin kiɗa a fili ba. An tura muhandis ɗinmu wani babban taro a bakin teku, sai mudir, wato manajanmu Abu Majid, ya kira ni ofis.

"Ya Harun, akwai ƙaramin shugul, ɗan aiki a Balad, can tsohon gari. Tsakar wani tsohon gida ne da aka mayar wurin shan gahawa. Baƙi ne daga Jamus, su uku kacal. Za ka iya?"

Na ce, "Zan iya, in Allah ya yarda."

"In ka iya, halas, shi ke nan, ƙananan taruka sun zama naka. In ka kunyata ni, ka koma kan wayarka."

Ni da Baba Idi muka je ɗaukarsu. Shi ne direbanmu, dattijo ɗan Kano da ya zo ƙasar nan tun kafin a haife ni. Mun saba da mawaƙan biki, waɗanda sai an jira su, sai an riƙe musu jaka. Waɗannan kuwa a bakin ƙofar masauki muka tarar da su zaune a kan akwatunansu. Jonas, wani dogo siriri, shi ne mai waƙa da jita. Lena ita ke kaɗa bes, jitar nan mai kaurin murya da ake ji a ƙirji. Timo gajere ne mai yawan dariya, shi ne mai ganguna. Kafin in miƙa hannu sun loda kayansu da kansu, har Timo yana tambayar ko akwai wani abin da zai ɗaga.

Da yake da sauran lokaci, na bi da su unguwar Ammariyya wurin wani mai tsire da na sani. Jonas da Timo suka ci har yaji ya sa su hawaye. Lena ba ta cin nama, sai ta barbaɗa yajin a kan burodin tamis ta ci abinta. A nan, da ɗan Turancin da nake da shi, na ji labarinsu.

Ashe babu wanda kiɗa ke ciyarwa a cikinsu. Jonas malamin firamare ne, Lena tana jinyar tsofaffi, Timo gyaran keke yake yi. A wani ƙaramin gari suka tashi tare. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan kakar Timo shi ne wurin atisayensu, sun manna wa bangon kwalayen ƙwai don rage ƙara, amma duk da haka idan lokacin jin labarai ya yi, tsohuwar sai ta doka sanda a ƙasa daga sama, su yi tsit. Ƙarshen mako sukan shiga wata tsohuwar mota su tafi garuruwan kusa su yi wasa, wani lokaci a gaban mutanen da ba su cika tabarma ba, su kwana a falon duk wanda ya gayyace su. Wata ƙawar Lena da ke aiki a wani asibiti a nan ce ta haɗa su da masu wurin gahawar, kowa ya ɗauki hutun aikinsa suka taho. Ba su taɓa wasa a wajen Turai ba.

Na tambayi sunan irin kiɗan nasu, suka ce pop punk. Na ce me ake faɗa a ciki?

Jonas ya ce, "Abin da ya same mu. Motar haya ta tafi ta bar ka. Garinku ya yi maka kaɗan. Wadda kake so ta koma birni."

Lena ta ce, "Shi ke kawo baitoci, ni in yanke rabi, Timo ya ƙara gudu. Waƙar da za ka sha kofin shayi ka gama ba ta ƙare ba, ta yi tsawo."

Baba Idi ya taɓa ni. "Haruna, tambaye su, wane attajirin suke wasawa?"

Da na fassara, suka kwashe da dariya, suka ce babu kowa.

Ya girgiza kai. "To Allah ya taimake su. Waɗannan son abin ne kawai ke ɗawainiya da su."

Bayan la'asar muka yi gwajin sauti. Wannan shi ne lokacin da makaɗa ke kaɗawa babu jama'a, muhandis ya saurari kowa ɗaya bayan ɗaya ya gyara. Ni da na koyi aiki a wuraren biki da tarukan kamfanoni, abin da na sani shi ne sauti ya fita tas. Jonas ya buga jita, na ji wani gurnani kamar an tayar da babur mara salansa. Na yi sauri na rage nan, na tace can, har ta dawo da taushi. Ya dube ni ya ce, "Me ya sami jitata?"

"Na gyara maka ita."

"Don Allah ɓata mini ita kamar yadda take. Wannan gurnanin, shekaru na yi ina nemansa."

Na mayar masa da abinsa. Da su ukun suka haɗu a kan waƙa ɗaya, sai na gane. Gurnanin ne gangar jikin kiɗan, bes ɗin Lena na riƙe da shi ta ƙasa, Timo na kora su gaba, muryar Jonas kuma tana yawo a sama da wani amshi mai daɗi, irin wanda yaro ma zai kama.

Abin da ya dame su ba sauti ba ne. Masu wurin sun jera kujeru layi-layi, da ƙananan tebura, kamar za a yi lacca. Lena ta daɗe tana kallon kujerun. Ta ce a wurinsu ba a zama, tsaye ake, ana tsalle ana bugun kafaɗar juna. Na je na yi wa mai wurin magana, ya ce a haka aka ba shi izini, iyalai ne za su zo, ba zai taɓa kujera ko ɗaya ba.

Bayan sallar magariba wuri ya cika. Samari da 'yan mata, magidanta da matansu, har da wasu dattawa masu farar riga da suka shigo shan gahawa suka tarar da abin. Abu Majid ma ya zo, ya tsaya a bayana ya harɗe hannu.

Timo ya buga sandunansa, suka afka waƙar farko. Sauti ya fita yadda suke so, ni kaina na san na yi daidai. Amma jama'a na zaune. Wasu sun ɗaga waya suna ɗauka, wasu suna kurɓar gahawa. Da aka gama aka yi tafin ladabi, irin wanda ake yi wa mai jawabi. Ta biyu ma haka. Ina kallon Jonas, zufa ta jiƙe shi, yana tsalle shi kaɗai, murmushinsa ya fara bushewa. Mutum ya bar ƙasarsa ya zo da duk abin da ya iya, ana kallonsa kamar talabijin. Tausayinsu ya kama ni.

Ana tsakiyar waƙa ta uku sai komai ya mutu. Jita ta yi shiru, bes ta yi shiru, makirfo ya mutu, fitilun mikisata suka ɗauke. Fitilun dandamali ne kawai suka rage, don suna kan wani layin daban. Abu Majid ya ce, "Ya Harun!" da wata murya da ban manta ba.

Na tashi da gudu na bi wayar wutarmu. A nan shekarun jan waya suka yi mini rana, don na san kowane mahaɗi da na shimfiɗa. Na bi ta bayan dandamali, ta lungu, har kusa da kicin. Ashe wani ma'aikacin wurin ya ga ramin soket babu komai a kan layinmu, ya jona babbar tukunyar dafa ruwa. Kaya suka yi wa layin yawa, bireka ta faɗi, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa don kada waya ta ƙone. Na zare tukunyar, na nemi akwatin wutar, na ɗaga bireka.

Ina dawowa ta lungun sai na ji wani abu da ya sa na rage gudu. Ganga na tashi, kuma mutane na waƙa.

Baba Idi ne ya ba ni labarin abin da ban gani ba. Da wuta ta ɗauke, Timo bai tsaya ba, tunda ganga ba ruwanta da lantarki. Lena ta saki jitarta ta shiga tafi bisa kai. Jonas ya ajiye tasa, ya diro daga dandamali ya shiga tsakanin teburan, yana rera amshin da bakinsa kawai. Amshin ba shi da kalma, "o-o-o" ne mai hawa da sauka. Ya tsaya gaban wasu samari ya rera, ya sa hannu a kunne. Ɗaya ya amsa a kunyace, abokansa suka yi masa dariya, sannan su ma suka amsa. Ya juya wurin wasu 'yan mata, ya ce da su kalmar Larabci ɗaya tilo da ya koya a mota, "Yalla!", wato mu je. Suka ɗauka. Kafin in iso, rabin wurin na tsaye, ba wanda ya ce su tashi.

Na koma kan mikisa, fitilunta sun dawo. Abu Majid ya dafa kafaɗata. "Buɗe sauti! Me kake jira?"

Hannuna na kan maɓallin, amma na dubi dandamali. Jonas yana can cikin mutane, jitarsa a ƙasa. In na buɗe a lokacin, abin da zai fita shi ne ƙugin jitar da aka yar, ya tsinka wa jama'a waƙarsu. Lena ta ga jar fitilar akwatin sautinta ta kama, ta ɗago ta dube ni. Na ɗaga mata yatsa. Ta buɗe tafin hannu, alamar in dakata.

Na ce, "Sabur, haƙuri, ya mudir. Ɗan kaɗan."

"Za ka kashe ni yau, wallahi."

Lena ta rataya bes ɗinta ba tare da ta daina rera amshin ba, ta yi wa Jonas kira da kai. Ya ratso mutane da gudu ya haye dandamali ya suri jita. Timo ya tsaya cak. Na ɗan lokaci babu abin da ake ji a tsakar gidan nan sai muryoyin mutanen Jidda suna rera waƙar wani ƙaramin gari da ba su san sunansa ba. Sai ya ɗaga sanduna sama ya buga su, Lena ta gyaɗa mini kai, na tura maɓallan gaba ɗaya.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Sautin ya faɗo daidai kan gaɓar amshin, wurin ya ɗauki ihu. Waɗanda suka rage a zaune suka miƙe. Samari suka ja kujeru gefe da kansu, mai wurin yana kallo, daga baya na gan shi yana taya su ja. Wani dattijo yana tsalle yana dafe da rawanin kansa kada ya faɗi. Na waiga, Abu Majid na buga ƙafa, ya ga na gan shi, ya ɓata fuska, bai kuma daina ba. Daga nan har ƙarshe babu wanda ya koma kujera. Sau biyu jama'a suka hana su sauka, har waƙoƙinsu suka ƙare, suka maimaita ta ukun.

Da aka watse, su ukun suka zo har inda nake. Timo ya rungume ni ya ɗaga ni sama duk da gajartarsa. Lena ta ce sun yi wasa a wurare da yawa, wuta ta sha ɗauke musu, amma ba a taɓa dawo musu da ita a kan gaɓa irin ta yau ba. Jonas muryarsa ta dushe, sai dafa ƙirji yake yana nuna ni. Sai da muka gama lodi Abu Majid ya ce, "Gobe akwai walima a unguwar Sa'alaba. Kai ne a kai."

Abu biyu na ɗauka daga wannan aiki, kuma su nake so ku riƙe. Na farko, duk layin da ka ja, ka toshe ramukan da ba ka amfani da su da salatif, don mai neman wurin jona tukunya ba ya tambaya. Na biyu ya fi wuyar koyarwa. Sabon muhandis idonsa na kan maɓalli, yana ganin shiru shi ne abokin gabarsa, da an samu matsala sai ya yi gaggawar cika wuri da ƙara. Amma makaɗan kirki ba a cikin waya kiɗansu yake ba, kuma suna magana da kai tun daga dandamali, da ido, da kai, da tafin hannu. Saboda haka idan kun zauna a kujerar nan, ku san inda kowane maɓalli yake har ku iya taɓa shi ba ku duba ba, sannan ku ɗaga kai ku kalli mutanen da kuke yi wa aiki.